Hotunan bikin Adda da suka ƙi buɗuwa

Ni ba mai hoto ba ne. Sana'ata buga takardu da fotokofi a wani ɗan shago a nan Gombe. Amma da aka zauna lissafin bikin Adda aka ji kuɗin da masu hoto suka yanka, sai Hamma ya ce ai yana da kyamara, zai taho da ita daga Abuja, ni kuma tunda ni ne ɗan kwamfutar gidan sai in riƙe. Canon ce, EOS M50. Ya nuna min inda ake dannawa, ya ja min kunne kada in taɓa komai a saitinta. Kwana uku tana rataye a wuyana, tun daga kamu, ɗaurin aure, walima, har daren Lahadi da aka kai amarya Tumfure. Duk hoton da na ɗauka sai na leƙa ɗan allon da ke bayanta, in ga ya fito tas, in ji kaina ya ƙara girma.

Litinin da asuba Hamma ya kama hanya da kyamararsa, ya bar min katin da hotunan suke ciki. Da hantsi na zura shi a laftof ɗina, tsohuwa ce mai Windows 10, na buɗe foldar. Fayiloli ɗari shida da 'yan kai, amma ko ɗaya babu fuskar mutum a kai, sai farar alama jere reras, kowanne sunansa ya ƙare da CR3. Na danna na farko, kwamfuta ta tambaye ni da me nake so ta buɗe. Na danna na biyu, na goma, na hamsin, duk kanwar ja ce. A daidai lokacin Goggo ta leƙo ɗakin.

"Kai, ina hotunan? Mutanen Kumo za su tafi da azahar, suna so su gani."

Na ce, "Goggo, suna zuwa, kwamfuta ce take ɗan nauyi."

Ƙarya na yi mata, kuma gumin da ya keto min ba na zafin gari ba ne.

Wautar farko da na yi ita ce canza sunan fayil. Na goge CR3 na rubuta JPG, wato JPEG, irin hoton da waya da kwamfuta suka saba buɗewa, ina ganin na yi dabara. Bai buɗe ba, don canza wa buhu lakabi ba ya canza abin da ke cikinsa. Allah ya taimake ni a kan fayil ɗaya na gwada, na kuma mayar masa da sunansa. Wauta ta biyu ta kusa zama babba. Na kai katin wurin wani mai gyaran waya da kwamfuta, ya duba sama-sama ya ce bairos ne ya cinye hotunan, in bari ya yi wa katin fomat sannan ya gwada jawo su da wata manhaja. Hannunsa har ya kai kan linzamin kwamfuta. Abin da ya tsayar da ni shi ne girman fayilolin: kowanne kusan megabayit 30, gaba ɗaya sun tasar ma gigabayit 18. Na ce a raina, abin da aka cinye ai ba ya yin wannan nauyi. Na karɓi katina na fito.

Daga nan na nufi wani dattijo mai shagon hoto a kusa da babbar kasuwa, wanda tun zamanin fim yake sana'ar. Bayan mun gaisa na zayyana masa komai. Ya sa tabarau, ya dubi sunayen fayilolin, ya yi dariya.

"Ɗana, hotunanka lafiyarsu lau. Ɗanyu ne, ba a wanke su ba. Ka san nagatif?"

Na ce, "Na sha gani a akwatin mahaifinmu, Baba."

"To shi ne wannan. Da can idan ka ɗaga nagatif a rana, ai ba ka cewa hoto ya lalace. Wanki yake jira."

Abin dariya, shi ma kwamfutarsa ba ta buɗe su ba. Tsohon Photoshop yake amfani da shi, CS6, wanda tun 2015 aka daina ƙara masa sanin sababbin kyamarori, alhali tsarin CR3 a 2018 ya fito, tare da irin wannan kyamarar ta Hamma ma kuwa. Yaro ne aka haifa bayan mai gadin ya daina karɓar sababbin sunaye. Amma dattijon ya ba ni abin da ya fi buɗe fayil, ya kwantar min da hankali, ya kuma ce kafin in sake taɓa komai in kwafe katin gaba ɗaya a wuri biyu. Na kwafa a laftof, na sayi filas na kwafa a ciki, na naɗe katin a takarda na jefa a aljihun gaba.

Mutanen Kumo dai sun tafi ba su ga komai ba.

A daren na zauna na ƙona data ina karatu, sai abin ya warware min. Idon kyamarar nan yana da ɗigo miliyan 24, kuma kowane ɗigo launi ɗaya tak yake gani: rabinsu kore, kwata ja, kwata shuɗi. Abin da suka auna na haske shi ake zubawa a fayil yadda yake, shi ne ake kira RAW, wato ɗanye. Idan kyamara tana kan JPEG, ita da kanta take haɗa launukan, ta yanke hukuncin yawan haske da kaifin hoto, ta matse shi ya zama ƙarami, ta watsar da sauran. Kamar gero ne da fura. Gero za ka iya yin fura da shi, ko kunu, ko tuwo, amma ba a zuba wa baƙo shi a kwano. Fura kuwa nan take ake sha, sai dai ba ta komawa gero. Hamma ya saita kyamararsa a kan ɗanye zalla, bai gaya min ba. Kuma kowane kamfani da irin buhunsa: Canon na da CR2 da CR3, Nikon na da NEF, Sony ARW, Fujifilm RAF. Shi ya sa kwamfutar da ta buɗe na wannan take iya tsayawa cak a kan na wancan.

Gani kawai bai yi wuya ba. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta a shagon Microsoft, Raw Image Extension. Ina ɗora ta sai fararen alamomin nan suka fara juyewa ɗaya bayan ɗaya, ga Adda da lalle, ga Bappa a sahun ɗaurin aure, ga yara sun yi cincirindo a kan shinkafa. Na yi hamdala a bayyane, ni kaɗai a ɗaki wajen ƙarfe ɗayan dare.

Sai dai gani daban, miƙa wa mutane daban. Wayar Goggo ba ta san CR3 ba, mai wankin hoto ma JPEG zai nema. Canon na da manhajarta ta kyauta, Digital Photo Professional, amma kafin a sauke sai an rubuta lambar da ke jikin kyamara, kyamara kuwa tana Abuja, mai ita bai ɗaga waya ba sai da yamma. Kafin nan na sauke wata ta kyauta mai suna darktable, kuma a nan na sha mamaki na biyu. A jerin hotuna komai da kyau, amma ina shiga sashen gyara sai hoton ya canza a gabana, launin ya kwanta, jan leshin ƙawayen amarya ya dushe kamar an sha wanke shi. Na ɗauka na ɓata wani abu. Ashe a cikin kowane ɗanyen fayil kyamara tana cusa ɗan JPEG da ta riga ta dafa, don a samu abin kallo da sauri. Shi nake gani a bayan kyamara kwana ukun nan ina yaba kaina. Gwanintar injin ce nake kallo. Da aka cire min ita aka bar ni da geron, sai aikina ya fito yadda yake.

Da Hamma ya kira, na ce, "Hamma, ka kusa sa ni gudun hijira daga gidan nan." Ya yi ta dariya, ya juya kyamarar ya karanto min lambar. Manhajar Canon ta san saitin kyamararsu, don haka hotunan suka buɗe da launin da na sani. Ga wanda ke sauri, a nan ya kamata ya fara: ya nemi manhajar kamfanin kyamararsa. Masu Nikon suna da NX Studio, ita ma kyauta.

Inda na daina jin haushin Hamma shi ne hotunan ɗaurin aure. An shafa fatiha wajen ƙarfe sha ɗaya da rabi, rana ta take, maza sun fito cikin fararen shaddoji. Wanda ya taɓa ɗaukar hoton baƙin mutum cikin farar babbar riga a tsakiyar rana ya san masifar: in fuska ta fito riga ta ƙone, in riga ta fito fuska ta nutse a ƙarƙashin hula. Akwai hoto guda na Bappa yana riƙe da hannun waliyyin ango, rigarsa ta zama farin fili kawai, ba a ganin ko zare. Na ja ma'aunin wurare masu haske ƙasa a hankali, sai ga aikin wuyan rigar yana fitowa, har ƙyallin bugun shaddar. Na ɗaga inuwa kaɗan, idanunsa suka bayyana. Dalilin a lissafi yake. JPEG matakai 256 yake da su a kowane launi tsakanin baƙi da fari, ɗanyen fayil na irin wannan kyamara kuwa yana iya riƙe har 16,384. Abin da ido ya ɗauka ya tafi, sau da yawa yana nan a kwance.

Haka na walima. An yi ta a ƙarƙashin rumfa mai shuɗin tamfol, kowa ya fito fuskarsa shuɗi-shuɗi kamar mara lafiya. Na ɗauki ɗan alƙalamin daidaita launi na taɓa farin hijabin wata baiwar Allah, na ce wa manhajar wannan fari ne. Nan take fatar mutane ta dawo tasu. Na kwafi gyaran na liƙa wa sauran hotuna sittin na wurin.

Kada in yi masa yabon da ya wuce kima. Hotuna kusan ashirin rana ta cika idon kyamarar har ya tumbatsa, na ja ma'auni har ƙarshe, rigunan suka koma toka-toka babu zane. Na daren kai amarya da hannuna ya girgiza, haka suka zauna a dushe, babu manhajar da ta san maganinsu. Ga nauyi kuma: laftof ɗina sai ta yi nishi kafin ta buɗe hoto ɗaya, sau biyu ana ɗauke wuta batirinta ya mutu ina tsakiyar aiki. Abin da ya cece ni shi ne gyaran ba ya taɓa ainihin abin da kyamara ta auna, umarni ne kawai ake ajiyewa, ko yaushe kana iya komawa farko.

Na tace ɗari shidan nan suka koma ɗari biyu da arba'in, na bar kwamfuta ta kwana tana mayar da su JPEG a jere. Na tura wa dangi ta WhatsApp, waɗanda za su wanke nasu kuma na tura musu a matsayin fayil, don in aka tura a matsayin hoto matse shi ake yi. Ɗanyun suna nan a filas ban goge ba. Na kuma roƙi Hamma, duk ranar da zai sake ba wani aron kyamarar nan, ya sa ta a kan RAW da JPEG tare. Kati zai fi saurin cika, amma mai aro zai samu abin nuna wa Goggo da hantsi.

Ranar Asabar na koma wurin dattijon da hotuna talatin a wanke min. Ya daɗe yana duban na Bappa, ya ce rigar ta fito, amma na yanke wa waliyyin ango ƙafa. Da na kai gida Goggo ta baje su a kan tabarma tana ɗagawa ɗaya-ɗaya. Ta kai ƙarshe, ta sake komawa farko, sannan ta ɗago ta dube ni.

"To ni ina nawa? Kwana uku ina bakin murhu, ko sau ɗaya ba ka leƙo madafa ba?"

Na koma na bincike ɗanyun ɗari shidan kaf. Na same ta a guda ɗaya, can a gefen hoton kamu, rabin fuskarta cikin inuwar zaure, tana miƙa wa wata kwano. Na yanko wurin, na ɗaga inuwar har ɗankwalinta ya nuna launinsa, Litinin na kai aka wanke mata babba.