Falke a Ƙauyen Sarki Henry

Daga Baltimore zuwa Crownsville tafiyar kamar rabin awa ce in hanya ta yi kyau. Babbar hanya mai lamba 97 ake bi, wadda ta gangara kudu ta nufi Annapolis, babban birnin jihar Maryland. Amma ranar Asabar a watan Satumba, da zarar an sauka daga babbar hanyar sai motoci su jeru suna jan ciki, domin kowa wuri ɗaya ya nufa. A layin nan na fara ganin abin da ke gabanmu. Direban motar da ke kusa da mu yana sanye da hula mai gashin jimina, matarsa kuma tana gyara furannin da ta naɗa a ka. Mu uku ne a tamu motar: wana da ya daɗe da zama a Amurka, da 'yarsa mai shirin shiga jami'a, sai ni baƙo.

Sunan bikin Maryland Renaissance Festival. An fara shi a 1977 a garin Columbia, aka dawo da shi Crownsville a 1985, kuma ana yin sa ne ranakun ƙarshen mako daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba. A cikin daji mai faɗin eka 27 aka gina ƙauye sukutum, da shaguna da dandamalin wasa da filin dawaki, aka sa masa suna Revel Grove, aka ce wai wani ƙauye ne a Ingila a zamanin Sarki Henry na Takwas, wanda ya yi mulki daga 1509 zuwa 1547. Asalin irin wannan biki ba daga Turai yake ba. Wata malamar makaranta ce, Phyllis Patterson, ita da mijinta Ron, suka shirya na farko a Los Angeles a 1963 don tara wa gidan rediyon KPFK kuɗi. Yau kusan babu sashen Amurka da ba a yin irinsa.

Mutanen da ke sanye da kayan dā a wurin iri biyu ne. Akwai 'yan wasan da aka tantance aka ɗauka aiki, waɗanda suka yi makonni suna gwaji, su ne sarki da fadawansa da mutanen ƙauye. Akwai kuma 'yan kallo da suka sayi tikiti kamar kowa, amma suka zo da shiga da suna da labarin kansu, suka tsunduma cikin wasan. 'Yar wana tana cikin na biyun tun tana sakandare. Ita ce ta tsare ni daren jajibiri, ina goge babbar rigata.

"Baffa, gobe wa za ka zama?"

Na nuna mata riga da rawani da takalmin fata.

"Waɗannan kaya ne, Baffa. Mai kayan nake tambaya."

Ta ɗauko takarda ta zauna. Ta ce a fara da sana'a, domin sana'a ce ke nuna yadda mutum zai tsaya da yadda zai yi tafiya da wanda zai rusuna wa. Yawancin sababbin shiga, in ji ta, sarauta suke rugawa, kowa yana son ya zama basarake ko gimbiya, sai ka ga mutum ya sha ado ya rasa abin faɗa. Ga shi kuma a Ingilar wancan lokaci sutura ba ganin dama ba ce. Akwai dokokin tufafi, irin na 1510 da na 1533, da suka keɓe siliki mai launin shunayya ga gidan sarauta, suka kuma ƙayyade wa kowane mataki abin da zai iya sawa. Mai sana'a kuwa ba ya rasa zance.

Ni jikan dukawa ne. Na tashi ina ganin jajayen fatun awaki a shanye, na san warin jima, na san da bagaruwa ake jeme fata, da karan dafi ake rina ta ja. Fatar nan da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, suna rufe littattafai masu daraja da ita, da yawanta daga ƙasar Hausa ta fito, ta ratsa Sahara a bayan raƙuma, ta ɗauki sunan inda aka loda ta a jirgi. Kuma Turawan wancan ƙarni sun ji labarinmu. Hasan al-Wazzan, wanda suke kira Leo Africanus, ya kammala littafinsa kan Afirka a Italiya a 1526, aka buga shi a Venice a 1550, kuma a ciki ya kawo Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir, har ya ambaci takalman Gobir da ake kaiwa Tambutu da Gao. Saboda haka na ce falke zan zama, mai fataucin fata, wanda ya tashi daga kasuwar Kurmi ya bi ayari ta Agadas da Gadamas ya faɗa Tunis. Iyakar nan hanyar gaskiya ce ta fatake. Daga can kuma wasa ya ba ni dama na ɗora shi a jirgin 'yan kasuwar Italiya zuwa Southampton. Na ba shi sunan kakana.

Na ɗauka an gama. Sai ta ce saura babbar tambaya: me yake nema a wurin mutumin da ya tare a hanya? Tarihin rayuwa, ko ya kai shafi goma, a kai yake zama, ba mai tsayawa ya saurare shi. Abin da ke fitowa fili shi ne buƙata. Muka yi ta juya maganar har Yaya, da ke jin mu daga kicin, ya ce, "Falke kuma me zai nema in ba wanda ya ci bashinsa ba?" Shi ke nan. Falkena ya ba wani mai ɗaurin littattafai fatu bashi a Landan, mutumin ya gudo ƙauye, shi kuma ya biyo sawu. Da wannan zan iya tare kowa, babba ko yaro, in tambaye shi ko ya ga wani mai tawada a yatsu da ke yawan waige-waige.

Mun ajiye mota a wani makeken filin ciyawa muka taka zuwa ƙofa. Ƙarfe goma ake buɗewa. Daga saman ganuwar katako 'yan wasa suna ta zolayar jama'a da tsohon Turanci, jama'a na amsawa da ihun "Huzza!" Ciki kuwa inuwa ce ta manyan itatuwa, hanyoyin ƙasa sun yi ta karkacewa tsakanin gidaje masu farin bango da baƙin katako. Ga maƙeri na dukan ƙarfe, ga mai hura gilashi, ga masu kiɗa a kan kwana, ga ƙamshin gasasshiyar cinyar talotalo ko'ina. Ba duk abin da ido ya gani ne tarihi ba. Na ga 'yan fashin teku, na ga masu fukafukan aljanu, na ga wanda shigarsa ta girmi zamanin Henry da shekaru ɗari biyar. Ba mai tsangwamar kowa, kuma ban ga laifin hakan ba, tunda biki ne ba aji ba. Amma bambanci a fili yake tsakanin wanda ya sa kaya da wanda ya zama wani.

Wata mai wasan wankau ce ta fara nuna mini shi. Ba ta da wani ado, ɗan kwalin lilin ne da zane mai tabon ruwa da kwando a kwankwaso. Amma tafiyarta ta mai ɗaukar kaya ce, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, kuma ko wa ta haɗu da shi wuyan rigarsa take fara kallo kafin fuskarsa. Ta tare wani magidanci, ta kama hannun rigarsa tana girgiza kai, ta ce wa matarsa wace marar tausayi ce ta yi wannan wanki. Matar ta fashe da dariya. Sai ga ƙaramar 'yarsu ta laɓe bayan uban don tsoro. Nan take mai wankin ta sauke murya, ta durƙusa daidai tsayin yarinyar, ta zaro safa ƙwaya ɗaya daga kwando ta ce ta rasa 'yar'uwarta tun safe, ko gimbiya za ta taimaka ta sa ido? Yarinyar ta leƙo, ta gyaɗa kai. Mai wankin ta rusuna mata, ta miƙe ta yi gaba. Duka abin bai kai minti biyu ba. Can da yamma na sake ganin yarinyar tana jan hannun ubanta tana leƙa ƙarƙashin benci.

Wanda ya yi tashe yana yaro ya san wannan fasahar. Gemun auduga kowa na iya liƙawa, amma yaron da ya iya rawar murya da dogara sanda shi ake tunawa har azumin baɗi.

'Yar wana ta kai ni na gaisa da wata dattijuwa da ta san ta, wadda ta yi shekaru cikin 'yan wasan irin wannan biki kafin gwiwa ta zaunar da ita. Da ta ji labarin falkena sai ta ce bashin nan ya yi, in riƙe shi da kyau. Ta ƙara mini da abin da ake koya wa sababbi: ka ɗaga baƙo sama da kai, ka ba shi matsayi, ka sa shi ya zama mai sani kai kana mai tambaya, kada ka taɓa jikin wanda bai ba ka fuska ba, in ka ga ido ya kauce, ka yi sallama ka wuce, kuma ka tafi tun ana son ka. Ta ce lafazin tsohon Turanci shi ne na ƙarshe a muhimmanci, ni kuwa baƙon ɗan kasuwa ne, don haka harshena na Kano ya wadatar. Wannan maganar ta sauke mini nauyi ƙwarai.

Na fara da yara, domin su ba sa jinkirin yarda. Wani ɗan shekara bakwai ya tabbatar mini ya ga ɓarawon bashina kusa da masu sayar da zuma. Kafin azahar labari ya fara zagayawa da ƙafarsa, har wani da ban taɓa gani ba ya tare ni ya ce mutumina ya tsallaka ta bayan filin dawaki.

Abin da ba zan manta ba shi ne haɗuwata da wani ɗan wasa mai shigar wakilin gidan basarake, da sarƙa a wuya da makullai a ɗamara. Na rusuna masa na kai ƙarata. Ko gezau bai yi ba, ya karɓi zancen kamar tun jiya ya san da shi. Ya ce ya san macucin, ubangidansa ma yana bin sa. Sannan ya hango jar fatar da ke rataye a kafaɗata, guda ɗaya da na zo da ita daga gida. Ya karɓa, ya murza tsakanin yatsu, ya ɗaga ta saitin rana, ya taɓe baki irin na mai son kaya yana ɓoyewa. Ya taya sule biyu. A nan Allah ya taimake ni, domin kuɗin Ingilar Henry su ne iyayenmu suka yi amfani da lissafinsu har 1973: kwabo 12 sule, sule 20 fam. Na ce albarka, na karɓe fatata na fara naɗewa. Ya ƙara sisi. Na ba shi labarin ƙishirwar Sahara da raƙumin da ya mutu mini a hanya. Mutane suka kewaye mu, wasu na goyon bayansa, wasu na ce mini kada in sallama. Ban yi rantsuwa ko sau ɗaya ba, don wasa bai kai a sa sunan Allah a ciki ba. Muka rabu ba a daidaita ba, yana cewa in same shi gida bayan ubangidansa ya yi barci. Da zai juya ya ɗan ƙifta mini ido, iyakar abin da ya fito daga mutumin da ke cikin rigar ke nan.

Mun ci miyar kaguwa, abincin da Maryland ta yi suna a kansa. Na sami gefe a ƙarƙashin itatuwa na yi salla, babu wanda ya dame ni. Mun kalli karon mahaya masu sulke da dogayen masu a filin dawaki. Yaya ya ce tun 1962 jihar ta ayyana wasan mashi a kan doki a matsayin wasanta na hukuma, sai dai nasu na zura mashi cikin zobe ne, ba na kifar da abokin karo ba.

Ina zaune a wurin ana busa ƙaho sai John Blanke ya faɗo mini a rai. Baƙar fata ne, mabushin fadar Henry na Bakwai da na Takwas. An zana shi a kan doki da rawani a kansa cikin doguwar takardar da ta adana gasar mahaya ta Westminster ta 1511. Ya rubuta wa sarki takardar neman ƙarin albashi, aka mayar masa da kwabo 8 na yini zuwa 16. Wannan ya yi mini daɗi, domin a cikin taron nan baƙaƙen fata ba su da yawa, kuma na ji 'yar wana ta ce akwai ƙawayenta da ke ganin ba su da gurbi a labarin, sai dai su ari na wasu. Suna da shi. Akwai mabusa, akwai masaƙa, akwai matuƙan jirgi, kuma a daidai wancan lokaci garuruwanmu na da ganuwa da kasuwa da malamai. Yarinyar da aka haifa a Baltimore ba ta buƙatar ajiye kakanninta a ƙofa kafin ta shiga.

A hanyar komawa ta ce baɗi za ta bar mai tsinkar furannin da ta saba yi, ta zama 'yar falke mai riƙe masa lissafi, wadda ta fi uban iya Turanci kuma take gyara masa ciniki a gaban mutane. Ta riga ta fara jero abin da take buƙata: zane saƙi, da tandu, da 'yar jakar fata ta dukawa. Ta kuma ce kafin in tafi sai na zaunar da ita na koya mata yadda ake jima daga fiɗa har rini, don yara za su tambaya. Yaya ya ce in na koma Kano in aiko da fatu uku, ja biyu da ɗorawa ɗaya.