Laraba, ni da kulocin a-kori-kurata

Yau dai ban leƙa gona ba sam, tun bayan asuba har la'asar sakaliya ina gareji a Gumel, motar ce ta riƙe ni. Hilux ce tsohuwa mai shan gas, injin 5L ɗin nan mai lita 3 wanda ba shi da turbo, ita ce ƙafata ita ce hannuna a wannan kaka, da ita nake kwaso riɗi da zoɓorodo daga ƙauyuka. Gobe kuma Alhamis kasuwar Maigatari, akwai buhunan mutane jibge a zaure da na yi alkawarin kaiwa, to ka ga ba ranar da mota za ta kwanta ba ce.

Ciwon nata ya ɗan kwana biyu yana nuna alama. In na taka kuloci sai in ji feda ta yi laushi tana tafiya har ƙasa ba nauyi, in na tsaya a wuri na riƙe ta a take sai in ji motar na neman jan jiki da kanta, giya ɗaya da ribas kuwa sai da kokawa, garrr garrr kamar haƙoran giyar za su zube. Man kuloci da ke cikin ɗan kofinsa kullum raguwa yake amma ƙasa ba ɗigo ko ɗaya. Jiya da yamma da ƙyar na shigo gari, sai na buga feda na sake bugawa kafin giya ta shiga.

Bakaniken namu dattijo ne, sa'an babanmu, Baba muke ce masa. Ko bonet bai buɗe ba, tocila ya karɓa ya durƙusa ta ƙofar direba ya haska can saman feda, ya ce "zo ka gani ɗana." Kafet ɗin wurin ya jiƙe sharkaf, man ya biyo sandar da ke shiga masta, wato famfon kuloci na sama, yana gangarowa, har fentin wurin ya kumbura ya ɓare, don man birki ake zuba wa kuloci, shi kuwa cin fenti yake. Ashe shi ya sa ba a ganin ɗigo a ƙasa, cikin mota yake zuba. Daga nan ya shiga ƙarƙashi ya janye robar da ke rufe bakin kulocin ƙasa, shi ma cikinta danshi, ga wani baƙin mai kamar kunun toka.

Ga wanda bai san kan abin ba, famfon kuloci guda biyu ne suke aiki tare. Na sama, masta kenan, yana jikin bangon da ya raba inji da wurin direba, kusa da na birki, in ka taka feda fistin ɗin cikinsa ne ke tura mai ta cikin siririn bututu. Na ƙasa yana jikin giyabos, man na isa sai nasa fistin ɗin ya turo sanda, sandar ta tura ƙarfen da suke cewa fok, shi kuma ya danna boris ya saki faifan kuloci, sannan giya ta samu shiga. Robar ɗaya ta mutu ko iska ta shiga layin, ƙarfin ƙafarka ya tashi a banza. Sa'ar da muka yi a Hilux na ƙasan a waje yake, noti biyu ne da bututu, akwai motocin da nasu yana can ciki sai an sauke giyabos gaba ɗaya.

A nan ne muka ɗan ja da ƙanena, shi gani yake a sayi roba kawai a zura a mastan a wuce wurin tunda shi ne ke zubar da mai da yawa, kuɗi sun yi wuya. Gaskiya ne sun yi wuya, gas kaɗai ya isa ya sa mutum tagumi. Amma Baba ya zare fistin ɗin ya ba shi ya ce sa yatsa a ramin, cikin duk ya yi ƙuraje ya yi zane, sabuwar roba in ta hau kan wannan sati nawa za ta yi? Kuma tare suka tsufa, mai ɗaya suka sha, in ka sa sabon masta mai ƙarfi na ƙasan da ya riga ya gaji shi zai fara fashewa, kuma ba a gareji zai fashe ba, a cikin yashi zai yi maka da lodi a baya. Ni tun jiya na yanke, na kira wani ɗan uwanmu a Kano ya shiga Ƙofar Ruwa ya ɗauko duka biyun na Aisin, su ne dai ke yi wa Toyota tun asali, ya ba direban motar Gumel ta farko. Akwai masu araha ƙwarai, kwali mai kyau da komai, na ce ya bar musu kayansu.

Kafin kayan su iso yaran sun zuƙe tsohon man da sirinji, sun kwance. Wurin da ya ba da wuya notin bututun nan ne na sifana 10, ya ci tsatsa, Baba ya hana yaron ja da sifana mai buɗaɗɗen baki don kar ya murje kan, ya ɗauko wata mai tsaga wadda ke rungume notin, ya ɗiga masa mai ya ɗan bubbuga sannan ya motsa. Ya ce bututun in ya murɗe sai an nemo wani, kuma nan kusa babu. Sauran ba wani abu, ƙusar da ke haɗa sanda da feda da 'yar makullinta, noti biyu na masta, shikenan.

Wajen sha ɗaya kaya suka iso, ɗaurawa ba ta ɗau lokaci ba. Cire iska ne ya cinye mana rana. Ni ne a kujera, yaro ɗaya na tsaye kan kofi da kwalbar mai yana ƙarawa don kar ya ƙafe iska ta sake shiga, Baba na ƙasa ya sa siririn tiyo a bakin ƙaramin notin fitar da iska ya zura ɗaya bakin a gorar ruwa. "Buga! Buga! Riƙe!" sai ya kwance notin feda ta nutse, ya ɗaure, "saki." Da farko fedar ma ba ta dawowa sai na sa hannu na ɗago ta. Kumfa ke fita da baƙin mai, a hankali ya koma ruwan shayi, har ya zo yana fita garau ba ƙwayar kumfa, cinyata ta hagu kuwa ta gaya min. Muka tsaya muka yi azahar muka dawo, ya ce a ƙara zagaye don akwai iskar da ke maƙalewa a lanƙwasar bututu.

Abin da ya fi tsaya min a rai maganar mai ce. DOT 3 aka rubuta a murfin kofin, kuma sabuwar kwalba a rufe muka fasa, don man birki yana shan danshin iska in an bar shi a buɗe, ruwan ne ke cin cikin ƙarfen har ya yi ƙurajen nan. Amma sai ka ga direba a hanya man kuloci ya ƙare masa ya ɗura baƙin man inji ko man sitiyari, wani ma ruwan omo, ya ce ai ya kai shi gida. Baƙin mai kumbura roba yake, na sama da na ƙasa duk su tafi tare. Wallahi abin na damuna, don motocin nan ba buhu kaɗai suke ɗauka ba, ranar kasuwa mutane ne cike a baya.

Na ƙarshe saitin feda. Ya juya sandar masta har ya bar 'yar tazara wadda feda za ta motsa kafin ta fara aiki, tsakanin milimita 5 zuwa 15, ya ce in aka matse ta da yawa man ba ya komawa kofi, kuloci zai riƙa sulɓi ba ka sani ba har faifan ya ƙone. Muka fita gwaji hanyar Maigatari, giya na shiga da yatsa biyu, ribas ba ƙara, kuloci na kamawa a tsakiya. Da muka dawo ya sake haskawa sama da ƙasa, a bushe.

Faifan kansa ya ce ya fara tafiya amma zai fitar da mu kakar nan in ban riƙa ɗora ƙafa a kan feda ina tafiya ba, sai bayan an gama kwasar riɗi mu sauke giyabos. Na sallame shi na ba yara na shayi. Bayan isha'i mun yi lodi ni da ƙanena mun ɗaure da igiya, sauran rabin kwalbar man na toshe ta da kyau na sa bayan kujera, ƙanen nawa kuma na ce ya zo kafin kiran assalatu don akwai buhunan Kawu da za mu biya mu ɗauka a hanya.