Facin siminti a jikin tsohuwar barga

Asabar, Jos. An kwana ana ruwa, sai da hantsi ya ɗauke.

Aikin yau duba wata tsohuwar bargar dawaki ne a hanyar Bukuru, mai ita yana son a gyara. Ginin jan bulo ne, ɗaki shida a jere, irin na zamanin haƙar kuza. Da jirgin ƙasa ya iso Jos daga Zariya a 1914, na Kafanchan ya biyo a 1927, kwanon rufi da ƙarfe suka samu hanyar hawowa tudu. Turawan kamfanonin kuza kuwa ba su rabo da doki, ga shi ƙasar ta karɓe shi: tsayinta wajen mita 1,200, akwai sanyi, ƙudan tsando bai cika takura masa ba.

Birkilan da ya ɗora ginin nan ya san hannunsa. Kowane bulo inci 9 ne a tsawo, 4 da rabi a faɗi, 3 a kauri. Sahu ɗaya ya jera su a tsawonsu, na bisansa a gicciye kawuna waje, shi ne ya ɗaure bangon ciki da waje. Ɗaki ƙafa 12 kowace fuska, doki ya kwanta ya juya ba tare da ya maƙale ba. Ƙofa rabi biyu ce, a buɗe ta sama ya leƙo, ta ƙasa na kulle. Bisa ƙofar babu rodi babu kankare, bulo ne aka lanƙwasa baka guda yana riƙe da kansa, har yau ko tsaga babu. Can kusa da rufi an bar ramuka don zafi da warin fitsari su fice. Daɓen kuma ya ɗan gangara zuwa kwatar bakin ƙofa.

Ɓarnar duk a gindi take. Daga ƙasa zuwa gwiwar mutum wani ya shafe bangon da fulastar siminti. Na ƙwanƙwasa da bayan guduma, sai amon fanko. Da na ɓanɓare tafin hannu guda, bulon ciki ya zubo kamar garin barkono, ga farin gishiri kwance a kansa.

Dalili a fili yake. Asalin kwaɓin ginin farar ƙasa ce ƙonanniya da yashi, mai laushi, danshi na bi ta cikinsa ya fita. Bangon barga kullum yana shan ruwa daga ƙasa, ga fitsarin doki mai gishiri. Siminti ya toshe mafita, danshin ya hau sama yana neman inda zai ɓulla, gishirin ya daskare cikin bulo ya farfasa shi. Wanda ya yi facin da kyakkyawar niyya ya yi, amma gara da ya bar bangon tsirara.

Baba mai kula da dawakin ya ce, "Malam, ai tun da aka shafa abin nan ɗakin ƙarshe bai sake bushewa ba." Na ce, "Gaskiyarka, Baba, kuma kwatar can ta cushe da dusa da ingirici."

Abin da na rubuta wa Alhaji mai bargar ke nan. A fara yashe kwata, a kwashe ƙasar da ta taru a bayan bango har ta fi daɓen ciki tudu. A cire fulastar da kurfi da hannu, kada a sa inji, yana cin bakin bulo. Sai a bar bangon ya sha iska har hunturu, gyara cikin damina asarar kuɗi ce. A zare ruɓaɓɓun bulo ɗaya bayan ɗaya, kada a buɗe wuri mai faɗi lokaci guda, in ba haka ba na sama zai sauko. Tsakanin sahu a ƙwaƙule tsohon kwaɓi zurfin kamar inci guda. Sabon kwaɓi kwanon sarki ɗaya na farar ƙasa, uku na yashi mai tsini wankakke. A jiƙa bulo kafin a cusa, in ba haka ba zai tsotse ruwan kwaɓin ya bar shi gari. Bayan nan a rufe da jiƙaƙƙen buhu kamar mako guda, don iskar hunturun Jos tana busar da shi kafin ya kama.

Katakon rufi biyu gara ta cinye a kusurwar gabas, wannan na kafinta ne, zai zo Litinin.