Saƙon Godiya Bayan Kammala Aikin Ɗakin Saba

Alhamdu lillahi, aikin da ya hana mu barci ya kammala, kuma kwamfutocin ɗakin sabarmu, wato manyan kwamfutocin da sauran na'urori ke dogara da su, waɗanda dokar tsaron wurin ta haramta a haɗa su da intanet, yanzu suna karɓar umarnin PowerCLI, manhajar sarrafa sabobin VMware ta hanyar rubuta umarni, yadda ake bukata. Da yawanku kun bi yadda abin ya kasance tun daga farko, don haka ba zan sake dogon bayani ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne daren ƙarshe. Umarnin Install-Module, wanda da shi aka saba girka PowerCLI, ba ya aiki a irin wannan ɗaki, domin sai ya je PowerShell Gallery, rumbun irin waɗannan manhajoji a intanet, ya ɗauko kayan, kuma ko tsohuwar kwamfutar da muke da ita a waje ta gagara ɗauko su da Save-Module, umarnin da ke sauke kayan ya ajiye su, saboda tun watan Afrilun 2020 rumbun ya daina sauraron duk na'urar da ba ta amfani da tsarin tsaron sadarwa na TLS 1.2. Sai muka sauke dunƙulallen fayil ɗin zip na PowerCLI, muka kawo shi a filashin da aka tantance, muka warware shi a cikin jakar Modules da ke ƙarƙashin WindowsPowerShell. Da na rubuta Import-Module domin loda manhajar, sai allon ya cika da jan rubutu na kuskure. Gabana ya faɗi ƙwarai, domin da safe ake jiran rahotonmu.

A wannan hali ne ƙaninmu mai yi wa ƙasa hidima, wanda tun la'asar ya kamata ya tashi amma ya ƙi tafiya, ya matso kusa da ni cikin ladabi ya ce, "Yallaɓai, ko Windows ce ta sa wa fayilolin alamar cewa daga intanet suka fito?" Haka kuwa abin yake. Ya bi jakar gaba ɗaya da Unblock-File, umarnin da ke cire wannan alama, muka sake gwadawa, komai ya hau lafiya. Na san ba ya son a ambace shi, amma ba zan iya yin shiru ba. Allah ya yi masa albarka, ya ba shi aiki mai albarka da zarar ya gama hidima, ya saka wa iyayen da suka tarbiyyantar da shi da gidan Aljanna.

Ina godiya ga Hajiya shugabar sashenmu, wadda ta sa hannu a takardar izinin shigar da filashin ba tare da jan ƙafa ba, da Baba mai gadi, wanda ya kula da janareta har asuba, ya kuma kawo mana shayi ba tare da an roƙe shi ba. Akwai 'yan uwa na jini da suke wannan sana'a, waɗanda na yi ta kira a daren wayarsu tana shiga ba a ɗagawa. Na ɗauka uzuri ne ya riƙe su, Allah ya sa lafiya.

Uwargida da yara, waɗanda suka yi haƙuri da rashin ganina, Allah ya bar zumunci, ya biya muku bukatunku na duniya da lahira. Duk wanda ya taimaka da addu'a ko shawara, Allah ya saka masa da mafificin alheri, amin.