Yankan giya a kan injin milin

Shagona na sassaƙar ƙarfe ne a Kano, kuma yawancin masu kawo mana aiki masu injinan casar shinkafa ne da na matsar man gyaɗa, sai 'yan kamfanonin roba na Sharaɗa da Bompai. Abu ya karye, sabo sai an yi oda daga waje, aiki kuwa ya tsaya. To, nan muke shigowa.

Injin juyi ƙarfen yake juyawa, wuƙa na tsaye. Injin milin kuwa wuƙar ce ke juyawa, ƙarfen na ɗaure a kan tebur, kana tura shi gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa. Da shi ake daidaita fuskar ƙarfe, a yanka ramin ki (ɗan ƙarfen kulle) a jikin shaf, wato sandar ƙarfe mai juyawa, a fitar da haƙoran giya, wato faifan ƙarfe mai haƙora da ke juya ɗan'uwansa a cikin inji. Nawa na tsaye samfurin Bridgeport ne, irin wanda aka fara ƙerawa a Amurka a 1938, kuma har yau ana kwaikwayon fasalinsa.

Giya ita ce aikin da na fi so, ita ce kuma ta fi jawo mini gardama kan kuɗi. A ce an kawo mai haƙori 30, modul 3 (modul shi ne ma'aunin girman haƙori). Kafin wuƙa ta taɓa komai sai an juye ƙarfen ya koma faɗin milimita 96 daidai, a ɗora shi a kan na'urar rabo, wadda ke raba zagayensa daidai da yawan haƙora. Wannan na'ura sai hannunta ya zagaya sau 40 kafin ƙarfen ya zagaya sau 1. Raba 40 gida 30, kowane haƙori ya samu zagaye guda da sulusi, wato a layi mai huda 18 na farantin na'urar ka yi zagaye ɗaya ka ƙara huda 6. Zurfin haƙori kuma milimita 6.75. Wuƙaƙen ma takwas ne a kowane modul, kowace da adadin haƙoran da ta dace da su. Ka tsallake huda ɗaya a haƙori na goma, ba lallai ka lura ba sai ka zagayo ƙarshe, ka tarar haƙori guda ya sirance. Shi ya sa idan yaro na kan rabo, ko gaisuwa ba na bari ya amsa.

Mai kaya yakan tsaya ya ga ɓarɓashi na zuba, ya ce, "Haba Malam, wannan ɗan yankan ne na kuɗi haka?" Bai ga sa'o'in da aka ɓata ana ɗauri da agogon awo ba, ana ɗan bugawa da gudumar roba har allurar ta daina motsi.

Tsohon inji kuma yana da halinsa. Sukurun teburinsa ya yi lako-lako, don haka ba ma tura ƙarfe ta inda wuƙa ke ja. Sai ta fizge tebur, ta karye, ga shi wuƙa mai kyau ba arha ba. Wutar layi uku ma ba kullum ba, dizal ɗin janareto dole ya shiga lissafi.

Yarana na ta matsa mini in sayi injin milin mai kwamfuta. Yana da daɗi ga mai buga abu ɗari iri guda. Ni kuwa giya ɗaya ake kawo mini a leda, rabin haƙoranta sun zube, sai na auna ragowar na gano yadda take tun asali.