Laraba: ɗan shekara biyar, wane rukuni zai shiga?

Aikin yau dai guda ɗaya ne, raba shekarun mutane rukuni-rukuni a R (manhajar lissafi da nazarin bayanai), ƴan ƙasa da 5, sai 5 zuwa 14, sai 15 zuwa 49, sai 50 zuwa sama. A baki kamar ba komai, layi ɗaya ne na cut(), umarnin da ke raba lambobi rukuni-rukuni, ka ba shi lambobin iyaka shikenan, amma wallahi duk rigimar tana kan iyakar nan ne, wanda shekarunsa suka faɗo daidai kan layi ina za a kai shi.

Shi cut in ka bar shi yadda ya zo, ta dama yake rufewa, zai baka (0,5] sannan (5,15]. Baka mai lanƙwasa na nufin lambar bata ciki, mai kusurwa kuma tana ciki. To ka ga yaro ɗan shekara 5 cif ya faɗa rukunin farko alhali ƴan ƙasa da biyar muke nema, sannan abun da ya fi damuna, jaririn da bai cika shekara ba an rubuta masa 0, shi ba ya cikin kowane rukuni, NA (wato babu bayani) ya zama kawai, ba gargaɗi ba komai. Kuma table(), umarnin ƙirga mutanen kowane rukuni, ba zai nuna maka su ba sai ka sa useNA = "ifany", in ba haka ba jarirai ne za su ɓace daga rahoto kowa ya sa hannu ya wuce. Wannan ba ƙaramin abu bane, su ne ma aka fi bukatar a ƙirga. Na sa right = FALSE don ya rufe ta hagu, iyakar ƙarshe na sa Inf (wato ba iyaka), sai ya koma [0,5) da [5,15), kowa ya samu wurinsa.

Wajen azahar abokin aikina ya turo nasa lissafin, shi da Python yake aiki, wani yaren kod daban, ya ce "Malam duba min, mun zo ɗaya kuwa?" Mun zo ɗaya, saboda histogram na numpy, umarnin Python ɗin da ya yi amfani da shi, dama ta hagu yake rufewa, banda rukunin ƙarshe da ke rufe duka gefe biyu. Amma da pandas.cut, wani umarnin Python ɗin, ya ɗauka da mun sha bamban, don shi ma ta dama yake rufewa kamar cut na R. Kai ko a cikin R ɗin kanta findInterval() ta hagu yake rufewa, gida ɗaya amma kowa da ɗabi'arsa. Ni dai ra'ayina mutum ya rubuta right ɗin da hannunsa ko da abun da yake so shine wanda ya zo da shi, don mai karanta kod ɗin gobe ya san zaɓa aka yi.

Da yamma kuma sai lambobi masu ɗigo, maki ne daga 0 zuwa 1. Na yi iyakoki da seq(0, 1, by = 0.1), ina duba sakamako sai ga 0.3 zaune cikin [0.2,0.3). Na buga iyaka ta huɗu da digits = 17, ta fito 0.30000000000000004. Kwamfuta da 0 da 1 take ajiye lamba, bisa tsarin IEEE 754 da aka kafa tun 1985, kuma 0.1 bata da cikakkiyar siffa a wannan tsarin, in ka ninka ta sau uku sai ɗan ƙurar nan ta fito, 0.3 ɗina ya zama ƙasa da iyakar da ɗan mitsitsi. Na canza zuwa (0:10)/10 sai ya koma [0.3,0.4) inda ya dace. Lakabin da cut ke bugawa lambobi uku kawai yake nunawa shi yasa ido baya kamawa, kuma dalilin da yasa 1000 ke fitowa 1e+03 kenan sai ka ƙara dig.lab, wato adadin lambobin lakabin.

Kafin in tashi na gwada raba makin gida huɗu da iyakokin da quantile() ya bani, cut ya ƙi, wai iyakokin sun maimaitu saboda masu maki 0 sun yi yawa. unique(), mai cire maimaici, zai kashe kukan amma gidajen ba za su kai huɗu ba, don haka gobe in sha Allah sai na tambayi mai rahoton ko masu 0 ɗin a ware musu rukuninsu daban.