Kwana a Wikki ko kwana a Bauchi: yadda na shirya tafiya Yankari

Wanda zai je Yankari, gandun namun daji da ke jihar Bauchi, abu na farko da zai yanke shi ne inda zai kwana, don sauran shirin duk a kansa yake rataye. Na gwada duka biyun. Na taɓa sauka a otal cikin garin Bauchi na yi sammako, na kuma kwana a sansanin Wikki da ke tsakiyar dajin. Kwanan Wikki ya fi, kuma nisan hanya ne ya raba gardamar.

Daga Bauchi titin Gombe za ka kama har Dindima, ka karya dama, ka yi kamar kilomita 29 zuwa Mainamaji, inda babbar ƙofar take. Mutane da yawa suna ɗauka da sun ga ƙofa sun iso, alhali da saura, don daga nan zuwa sansanin akwai fiye da kilomita 40 cikin daji, kuma ba hanyar gudu ba ce, dabba na iya ratsowa a kowane lokaci. Idan ka haɗa duka, wajen kilomita 110 ke nan, kusan awa biyu. Namun daji kuwa da sanyin safiya suke fitowa, sai kuma bayan la'asar. Ranar da na taso daga Bauchi bayan asuba, kafin in gama biyan kuɗin shiga in isa Wikki, motar zagayen safe ta tafi. Na jira ta yamma, hankalina kuma yana kan agogo saboda ba na son dare ya yi mini a hanya. Na biya kuɗin yini guda, na more rabinsa.

Saboda haka yanzu dare biyu nake ɗauka. Ranar farko ta tafiya ce da wanka a Wikki, wato maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke kusa da sansanin. Ta biyu zagayen safe da na yamma. Ta uku a karya kumallo a kama hanya da rana tsaka.

Ɗakunan sansanin iri-iri ne, daga masaukin ɗalibai mai gadaje da yawa, zuwa ƙananan gidaje masu ɗaki ɗaya, har manya masu falo. Sunan ɗaki a takardar farashi ba ya gaya maka komai. Abin da nake yi shi ne in kira kafin tafiya, in sake kira ana gobe, kuma idan na isa sai an buɗe mini ɗakin na gani kafin in sauke kaya. Ina buɗe famfo in ga ruwa na zuwa. Ina duba ragar taga, don rami ɗaya ya ishi sauro. Ina gwada sakatar ƙofa da ta taga. Sannan in tambayi awannin da ake ba da wuta, domin kuɗin ɗaki mai na'urar sanyaya wuri ba shi da amfani a lokacin da babu wutar da za ta juya ta. A watan Disamba da Janairu fanka ma ba ka buƙata, bargo za ka nema da dare. A Maris da Afrilu kuwa na'urar ta cancanci kuɗinta.

Wurin da ɗakin yake shi ma abin dubawa ne. Mai tafiya da dattijo ya nemi na kusa da wurin cin abinci. Mai son barci ya nisanci masaukin ɗalibai, musamman ƙarshen mako da makarantu ke kawo yara yawon buɗe ido. Lokacin Sallah, Kirsimeti da sabuwar shekara wurin cika yake, wanda bai kama ɗaki da wuri ba sai abin da ya samu. Ni tsakiyar mako nake so, Talata zuwa Alhamis.

Lokacin shekara shi ke yanke abin da za ka gani. Dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma da damina ruwa na ko'ina, ciyawa ta fi mutum tsawo, dabbobi sun watsu. Da rani tafkuna suna ƙafewa, sai komai ya dawo bakin kogin Gaji. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu ne ka fi samun giwa da ɓauna da gwanki da kanki, amma za ka sha zafi. Hunturu ya fi daɗin jiki, sai dai hazo yana ɓata hoto. Gwambaza da mazo da gadu kusan kullum ana ganinsu, kada da dorina kuma a wajen ruwa. Giwa sa'a ce, duk da cewa garken Yankari na cikin manyan da suka rage a Najeriya. Zaki kuwa kada ka yi wa yara alkawarinsa. Haka raƙumin dawa da jakin dawa, waɗannan sai gandun Sumu, can wani ɓangare na jihar.

Ba a shiga dajin sai da ɗan jagora. Idan kuna da yawa ku haɗa kuɗin mota ɗaya, ya fi sauƙi. Tun da dare nake zuwa ofis in rubuta suna, in faɗi abin da nake son gani, don idan kana son a biya da kai kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse, ko rijiyoyin Dukkey, gara a sani kafin mota ta tashi. Kuskuren da na yi karon farko shi ne sa baƙar riga. Ƙudan tsando yana bin baƙi da shuɗi mai duhu, kuma cizonsa yana ratsa yadi mara kauri. Sa tufa mai ruwan ƙasa, mai dogon hannu, da hula da takalmi rufaffe. Ruwan sha lita biyu ga kowane mutum. Madubin hangen nesa ko guda ɗaya ne ku riƙe, don tsuntsayen wurin sun haura iri 350.

Gwaggon biri shi ne maƙwabcinka a sansanin, kuma ba ya jin kunya. Ya san leda, ya san kular abinci, ya iya tura ƙofar da ba a sa wa sakata ba. Nawa burodin ya tafi ne a minti ɗaya da na bar gilashin mota a sauke. Ka ɗauki abinci cikin jaka mai zif, kada ka ba yaro abu a hannu a waje, kada kuma ka ciyar da su don hoto, don abin da ya sa suka raina mutane ke nan. Idan ya fizge, bar masa, haƙoransa ba na wasa ba ne.

Ruwan Wikki daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa, ɗuminsa yana nan a digiri 31 dare da rana, rani da damina, garai-garai har kana ganin yashin ƙasa. Matakala ake bi a sauka, hawowa ce ke gajiyar da tsofaffi. Kusa da bakin dutsen zurfin ya kusa mita biyu, ya shanye yawancin mutane, can ƙasa ne yake daidai da yara. Iyalina sun fi sakewa da sassafe kafin jama'a su sauko. Waya da makullin mota a bar su a ɗaki.

Sauran guzurin a Bauchi nake gama shi. In cika tanki, in duba safaya da jak, in ciri tsabar kuɗi saboda sabis na iya ɗaukewa lokacin da kake son tura kuɗi ta waya. Ina ɗaukar katan ɗin ruwa, tocila, abin cajin waya, maganin sauro na shafawa, da duk maganin da wani cikinmu yake sha, don babu kemis a kusa. Akwai wurin cin abinci a sansanin, amma idan kuna da yawa ku faɗi abin da za ku ci tun da wuri. Kafin in tashi ina tambayar ma'aikatan wurin da direbobin da ke bin Alkaleri, ƙaramar hukumar da Yankari take ciki, halin da hanya take ciki a wannan makon, kuma ina barin Bauchi kafin azahar, don in wuce ƙofar Mainamaji rana na sama.